Wa Ke Shanye Batirin Motar Kawu?

Abu uku aka sani suna kashe mota a Arlit: zafi, ƙura da hanya. Zafin bazara, da ke wuce digiri 40 kusan kullum daga Afrilu zuwa Yuni, yana dafa batir yana busar da roba. Ƙura tana shiga duk inda iska ta shiga. Hanyar kuwa, wadda aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 daga Tawa ta bi Agadas ta iso Arlit domin jigilar yuraniyom, ta daɗe da farfashewa a wurare da yawa, tana karya sifirin tana kwance noti. Kowane makanikin garin ya san waɗannan ukun ciki da waje. Shi ya sa da motar kawuna ta kamu da ciwon da ba ya cikinsu, aka daɗe ana nemansa inda ba ya nan.

Kawu ya yi shekaru yana tuƙi a ma'adinan Akuta. Da aka rufe kamfanin ma'adinan, COMINAK, ranar 31 ga Maris 2021, bayan ya yi tun 1978 yana haƙo yuraniyom daga ƙarƙashin ƙasa, 'yan kwangila da dama suka tattara nasu ya nasu, suka sa motocinsu a kasuwa. A hannun ɗaya daga cikinsu ya sayi wata ƙaramar kat-kat 'yar Kwatano, otomatik, mai ƙirga tafiya da mil maimakon kilomita. Da ita yake ɗaukar kaya tsakanin kasuwar Arlit da Akokan, wani lokaci ya kai marar lafiya Agadas, ko ya leƙa dangi a Iferwan. Ta yi shekaru ba ta ba shi kunya ba.

Sai a bazarar 2025 ta fito da sabon hali. In ana hawanta kullum, da an murɗa makulli take tashi. In ta kwana uku ko huɗu a ajiye, sai dai a ji ƙas-ƙas, fitilun gaban direba su yi ja su ɗauke. Ga shi otomatik ba a tura ta ta tashi, sai an nemo wani batir an ja mata wuta.

Batir aka fara kamawa da laifi, kuma da hujja, domin a nan zafi yana ƙafar da ruwansa yana cinye farantan dalmar da ke ciki, ya tsufa tun kafin lokacinsa. Kawu ya sayi sabo. Ba a jima ba sabon ya kwanta. Ya mayar, mai kanti ya auna ya ce lafiyarsa ƙalau, caji ne kawai babu, amma ya canza masa wani don a zauna lafiya. Na ukun ma ya bi sawun 'yan'uwansa. Batir uku ba za su haɗa baki su yi ƙarya ba.

Daga nan aka kai ta wurin wani mai gyaran wutar mota, Ba'adare, wanda ya koyi aiki a garejin ma'adinai kafin ya kafa rumfarsa. Ya fara da dinamo. Inji na aiki ya ɗora mita a kan batir, ta nuna bolt 14 da 'yan kai, daidai yadda ake so. Amma dinamo na iya yin caji da rana ya yi sata da dare, in wani diyod ɗinsa ya lalace yana barin wuta ta koma da baya. Sai ya kwance babbar wayar dinamon, aka bar mota ta yi kwanakinta. Batir ya sake mutuwa. Dinamo ya fita daga zargi.

Saura mutane da fitilu. Kawu ya ɗauka jikoki ne ke shiga su kunna rediyo, ya riƙa kwana da makulli a aljihu. Yaron rumfar ya kunna bidiyon wayarsa, ya sa ta cikin but ya rufe, ya buɗe aka duba: fitilar ciki tana mutuwa da an rufe. Haka aka yi wa ɗan akwatin gaban fasinja. Ba a sami komai ba.

"Alhaji, mu daina canki-canka," in ji mai gyaran. "Mu auna abin da take sha tana kwance."

Wannan awo yana da ladabinsa. Motar zamani ba ta mutuwa da an zare makulli. A cikinta akwai ƙananan kwamfutoci da yawa, na inji, na birki, na ƙofofi, na rediyo, kuma ɗaya bayan ɗaya suke yin barci, wani lokaci sai an kai rabin awa ko fiye. Buɗe ƙofa kaɗai yana tashe su duka. Don haka mai gyaran ya buɗe ƙofar direba, ya danna harshen kubarta da sukundireba har ta yi ƙas, yadda motar za ta ɗauka a rufe take. Ya kwance wayar da ke kan ƙafar batir mai alamar ragi, ya sa mita tsakanin ƙafar da wayar, yadda duk wutar da za ta fita sai ta bi ta cikinta. Ya hana kowa taɓa motar. Muka koma inuwa, yaro ya ɗora shayi.

Da farko mita ta nuna fiye da amfiya ɗaya. Ta riƙa sauka, mataki bayan mataki, yayin da kwamfutocin ke yin shiru. Lafiyayyar mota takan sauka ƙasa da miliamfiya 50, abin da zai riƙe agogo da na'urar da ke jiran makulli. Ta Kawu ta tsaya a wajen 300 ta ƙi motsi, kuma jifa-jifa sai lambar ta yi tsalle sama ta dawo.

Mai gyaran ya yi lissafin a ƙasa da tsinke. Miliamfiya 300 sau awa 24 ya haura amfiya-awa 7 a kwana ɗaya. A kwana huɗu ya kusa 30. Batirin motar na amfiya-awa 60 ne, kuma da ya sauka rabi, a wannan zafi, ƙarfin juya inji ya soma gagararsa. Lissafi ya yi daidai da ciwon. An tabbatar akwai ɓarawo a cikin gida, saura a san ɗakin da yake.

Shaidar da ta juya binciken ba daga makaniki ta zo ba. Wani dattijo Ba'abzine ne ke gadin layin su Kawu, kuma a gindin motar yake shimfiɗa tabarmarsa. Yana da ƙaramar rediyo da yake kama tashoshin Hausa a gajeren zango, ya kuma gano ta fi kamawa in ya ɗora ta a kan rufin motar. Da ya ji ana ta maganar batir, sai ya ce da Kawu, "Alhaji, ni dai ban san aikin ƙarfe ba. Amma motarka tana magana da dare."

"Wace irin magana, Malam?"

"Irin kukan nan da rediyo ke yi in waya za ta yi ƙara kusa da ita. Dit-dirit, dit-dirit. Ni kuwa wayata tana ɗaki a caji, kuma babu kowa a layin. Sai ta yi, ta huta, ta sake."

Wasu a unguwa suka ce a nemi malami ya yi addu'a. Mai gyaran bai raina maganar dattijon ba. Ya ce ruwa ba ya tsami banza: wannan kuka wayar salula ce kaɗai ke sa rediyo ta yi shi, to akwai waya a cikin motar.

Ya kwanta rigingine a ƙarƙashin sitiyari da tocila a baki, yana bin wayoyi da yatsa, har ya ci karo da wasu da aka naɗe da baƙin salatif wanda ba na masana'anta ba. Ya bi su ya zaro wani ɗan baƙin akwati da aka ɗaure da igiyar roba. Balis ce, na'urar bin sawu da kamfanoni ke sa wa motocinsu don su san inda direba yake da gudun da yake yi. A cikinta akwai sim na nan gida wanda ya daɗe da mutuwa, tun da ɗan kwangilar ya daina biya. Kowa ya yi hamdala, aka yanke ta aka rufe wayoyin.

Aka sake awo. Mita ta ragu da kaɗan, ta tsaya sama da 250. Da safe mai gadi ya ce kukan yana nan. Balis tana shan nata, amma babban mashayin bai fito ba. Akwai waya ta biyu.

Sai aka koma hanya mai tsawo. Mai gyaran ya jira mota ta yi barci, ya riƙa zare fis ɗaya-ɗaya da ɗan matsefi yana duban mita, kuma ba ya mayar da wanda ya zare, domin mayarwar tana tashin kwamfutocin. Na fitilu, babu canji. Na gilasai, babu. Na rediyo, kaɗan. Ya gama akwatin da ke cikin bonet ya dawo na cikin mota. Da ya zare wani ƙarami, lambar ta faɗo ƙasa da 30 ta zauna. A murfin akwatin, haruffa uku ne kawai a gurbin wannan fis. Wasu kamfanoni suna rubuta TCU, wasu DCM, kuma a rumfar babu wanda ya taɓa yin aiki a kansa.

Aka cire rediyon motar aka bi wayar. A bayanta, a ɗaure da noti a jikin ƙarfe, ga wani akwatin alminiyom da bai wuce tafin hannu ba. Wannan na masana'anta ne, babu salatif, babu ɗaurin roba. Siraran wayoyi biyu masu kawuna masu launi sun fita daga jikinsa sun haura ta ginshiƙin gilashi zuwa ɗan ƙahon robar nan da ke kan rufi, daidai inda mai gadi ke ajiye rediyonsa. Yaron rumfar ne ya karanta takardar da ke manne a jiki, ya ce, "Maigida, ga IMEI." Lambobi 15, irin waɗanda kowace wayar salula take da su. Sannan aka lura da wani maɓalli kusa da madubin ciki, an rubuta SOS a kansa. Kawu ya ce shi tun da ya sayi motar bai taɓa danna shi ba.

An kama ɓarawo, amma ba a san dalilinsa ba. Wa yake kira, kuma me ya hana shi barci?

Amsar ta zo daga ɗan maƙwabcin Kawu, wanda ke aikin gyaran turakun salula. Bayan magariba ya zo ya durƙusa ya gaida Kawu, ya karɓi akwatin ya jujjuya. Ya nemi a nuna masa lambar jikin mota, mai haruffa da lambobi 17, da ke ƙasan gilashin gaba. Ta fara da 1, alamar a Amurka aka ƙera ta. Harafi na goma G ne, wato samfurin 2016.

"Baba, wannan waya ce cikakkiya, baki da kunne kawai aka ɓoye mata," ya ce. "Gida take kira. Amurka."

Ya warware mana zancen daki-daki. Kukan da mai gadi ya ji na 2G ne, domin wayar GSM ba ta sakin sauti a miƙe, a gutsure take harba shi, sau 217 a daƙiƙa guda, da ƙarfin da ke iya kai wat 2, kuma wayoyin cikin ƙaramar rediyo suna tsintar wannan bugun. Akwatin an gina shi ne domin 3G ta Amurka, wadda ke tafiya a zangon megahaz 850 da 1900. Tamu 3G galibi a 2100 take, don haka ba ya jin ta. Amma ɓangarensa na 2G ya san zango huɗu, har da 900 da 1800 da muke amfani da su. Sai ya sauko 2G, ya ji turakun Arlit sarai, ya gabatar da kansa.

Kowane sim yana da lambar shaida, kuma lambobi ukun farko na ƙasa ne. Na Nijar 614, na Najeriya 621, nasa kuwa 310 ne, na Amurka. In baƙon layi ya zo, kamfanin nan yakan tambayi kamfanin gidansu ko ya san shi, ko zai biya masa. Wannan layi an rufe shi, kuma tun asali ba a yanke masa izinin yawo a wannan nahiya ba. Sai a ce masa a'a. Kamfanonin salula huɗu ne a Nijar, Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecoms, kuma duk wanda ya ji turkensa zai gwada, amsa ɗaya zai samu. Babu laifin kowa a cikinsu, ƙa'idar ke nan a duk duniya.

Matsalar tana cikin tunanin waɗanda suka rubuta manhajar akwatin. A lissafinsu rashin rezo abu ne na ɗan lokaci: mota ta shiga ramin dutse, ko garejin ƙarƙashin ƙasa, jim kaɗan ta fito. Sai suka umarce shi ya jira ya sake gwadawa, ba su gaya masa yaushe zai haƙura ba. Ya zama kamar yaron da aka aika gidan da mutanensa suka tashi, aka ce kada ya dawo sai an amsa, yana tsaye a zaure yana ta sallama har gari ya waye.

Saurayin bai bar mu da baki kawai ba. Ya mayar da fis, ya cire wayar eriya: a daren rediyon mai gadi ba ta yi kuka ba, amma mita ta nuna shan wuta yana nan. Ya cire akwatin gaba ɗaya: mita ta sauka ƙasa da 30. Magana ta tabbata.

Abin da ya faru a rumfar nan reshe ne na wani babban labari. Tun 1996 General Motors ta fara sa waya a motocin Cadillac da sunan OnStar, domin in an yi hatsari mota ta kira agaji da kanta. Daga baya aka ƙara buɗe ƙofa daga nesa, gano motar da aka sace, da aika wa kamfani bayanin lafiyar inji. Sai dai zamanin salula gajere ne. An fara GSM a 1991, 3G a 2001, 4G a 2009, 5G a 2019. Kusan kowace shekara goma sabon zamani yake zuwa, kuma kamfanonin waya suna rufe tsoho don su ba sabo zangonsa. Mota kuwa takan ninka waɗannan shekaru tana tafiya.

Amurka ta sha wannan karo har sau uku. A farkon 2008 aka kashe tsohon tsarin analog, motocin OnStar na farko da yawa suka yi shiru har abada. A farkon 2017 AT&T ta rufe 2G, masu Nissan Leaf samfurin 2011 zuwa 2014 suka biya dala 199 aka sa musu akwatin 3G. Shekara biyar bayan haka, ranar 22 ga Fabrairu 2022, AT&T ta rufe 3G ɗin ita ma. T-Mobile ta bi ranar 1 ga Yuli, Verizon ranar 31 ga Disamba. Kowane kamfanin mota ya bi tasa hanya. Tesla ta karɓi dala 200 ta sauya wa motocin Model S da aka ƙera kafin Yuni 2015 na'ura zuwa 4G. General Motors ta tura wa motocinta da yawa sabuwar manhaja ta iska. Toyota da Lexus ba su kawo canjin akwati ba, hidimar tsofaffin motocin ta ƙare a ƙarshen Oktoba 2022. Subaru kuwa ta amsa cewa akwatin wasu motocinta na 2016 zuwa 2018 yana ci gaba da neman 3G da babu ita har ya shanye batir, ta tsawaita garantinsa. Motar Kawu ta wani kamfani ce daban, amma ciwon danginsu ɗaya.

Galibin waɗannan gyare-gyare a garejin dillalai na Amurka aka yi su, wasiƙa ake aika wa mai mota ya kawo ta. Lokacin da ake rabon maganin, motar Kawu ta riga ta sauka a Kwatano ta hauro arewa, ta hanyar nan mai kusan kilomita 2,000 da yuraniyom ɗin Arlit ya yi shekaru yana bi zuwa teku. Ba ita kaɗai ba ce. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai, Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta ɗauki kaso mafi girma, kashi 40 cikin ɗari. Mu ne masu riƙon ƙarshe na motocin duniya, kuma babu kamfanin da ke da adireshinmu.

Tambaya ɗaya ta rage, kuma Kawu ne ya yi ta. "To ɗana, in tun da ta sauka jirgi take wannan kira, me ya sa sai bana ta fara kashe batir?"

Amsar tana gidan mai. Ɗan kwangilar kullum motarsa tana kan hanya, Kawu ma haka, kuma abin da akwatin ya sha da dare dinamo yana mayarwa da safe, ba wanda ya sani. A watan Maris 2025 Nijar ta shiga ƙarancin fetur mai tsanani, layuka suka yi tsawo, mai ya yi wuya. Kawu ya koma hawa babur a cikin gari, mota sai in tafiya ta kama. Ciwon tsoho ne, ajiyar ce sabuwa.

Da aka zo magani, Kawu ya ce a sa wa akwatin layinmu mana, ko banza a mori abin. Ba ya yiwuwa. Sim ɗinsa ba na zarewa ba ne, ɗan guntu ne mai milimita 5 da 6 da aka narke a jikin allon. Ko an sauya shi, akwatin adireshi ɗaya ya sani, na kwamfutar kamfaninsa, ita kuwa ta daɗe da share sunansa. Sayo sabon akwatin 4G daga Amurka ma asarar kuɗi ce, domin shi ma da layin can zai zo, gidan can zai nema. Abin da ya rage shi ne a raba shi da motar. Da aka cire shi sai lasifikar gefen direba ta yi shiru, makirfon amsa waya ya daina aiki, domin wayoyinsu ta cikinsa suke bi, yadda in an yi hatsari zai katse rediyo ya ba ma'aikacin agaji hanya. Mai gyaran ya gano wayar shiga da ta fita ya haɗa su kai tsaye, sauti ya dawo. A cikin akwatin an sami wani ɗan batir na ko-ta-kwana, zafi ya kumbura shi. Tun daga ranar motar takan yi mako a ajiye ta tashi da murɗa ɗaya.

Batir kuɗi ne, ana iya sayen wani. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maɓallin SOS. Daga Arlit zuwa Agadas kimanin kilomita 240 ne, zuwa Asamaka kimanin 200, kuma da an yi nisa da gari rezo yake ɗaukewa. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yara 52, mata 33, maza 7, akasarinsu mutanen Kance, bayan motocin da suka kwaso su daga Arlit sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. A wannan ƙasa mota ta ƙi tashi magana ce ta rai da mutuwa. Na'urar da aka ƙera don ceton rai a titunan Amurka, a nan tana iya shanye batirin wanda ya yada zango kwana uku a daji, sannan maɓallinta ba ya kiran kowa. Direbobin hamada sun san abin da ke aiki: tafiya a ayari, ruwa fiye da buƙata, sanar da mutane lokacin tashi da lokacin isa, da wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya, wadda ba ruwanta da turke. Duk wanda ya sayi 'yar Kwatano ya ga wannan maɓalli, ya ɗauka babu shi.

Kuma irin waɗannan motoci ƙaruwa za su yi. Tun 31 ga Maris 2018 Tarayyar Turai ta wajabta wa kowane sabon samfurin mota na'urar eCall, mai kiran 112 da kanta in an yi hatsari. A kan 2G da 3G aka gina ta. Jamus ta rufe 3G a 2021, kamfanin Orange a Faransa ya sa 2026 domin rufe 2G da ƙarshen 2028 domin 3G, kuma daga Janairu 2026 sababbin samfura sai da na'urar da ke aiki da 4G ko 5G. Motocin da wayarsu ta tsufa a can, nan za su ƙare, da maɓallin da aka tsara domin cibiyoyin agajin Turai.

Mu ma ranarmu tana tafe. Manyan motocin kaya, tankokin mai da motocin kamfanoni da yawa a ƙasar nan suna ɗauke da balis mai 2G kaɗai. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk ranar da za a yi maganar rufe 2G ko 3G a Nijar, ya kamata hukumar kula da sadarwa ta ARCEP ta ƙirga har da na'urorin da ke ɓoye a cikin motoci, ta ba da wa'adi mai tsawo. Mai sayen balis yau ya nemi mai 4G wadda ke iya saukowa 2G, mai sim na zarewa, mai yin barci in an kashe inji. Mai sayen tsohuwar mota ya sa a auna abin da take sha tana kwance kafin ya biya, aikin awa ɗaya ne. Cibiyoyin koyon sana'a na Agadas da Arlit su sa wannan awo da waɗannan akwatuna a cikin darasi, domin yaran da ke koyon gyaran wuta yau da su za su yi ta karo.

Masu ƙera motoci kuwa sun san sarai inda motocinsu ke ƙare rayuwa, sun kuma san salula ba ta kai mota daɗewa. Haƙƙi ne a kansu su sa wayar a inda hannu ke kaiwa, su ba ta makunnin kashewa, su rubuta mata umarnin haƙura in ta yi kira ba a amsa ba, su kuma yi ta yadda za a zare tsohuwa a sa sabuwa ba tare da an wargaza gaban mota ba. Wanda ya sayi mota a hannu na uku ko na huɗu da guminsa ya saye ta, kuma ya cancanci ya san duk abin da ke aiki a cikinta bayan ya kashe inji.